Giwan Ruwa da Hurumin Gulbi

Duk wanda ya fita daga birnin Sakkwato da sassafe, ya kama hanyar da ta nufi mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ba zai kai ƙofar jami'ar ba sai ya ratsa fadamar Rima ya hau gadar Kwalkwalawa, inda ƙarnin kifi yake tarbar matafiyi tun kafin idonsa ya sauka a kan ruwan. A nan masunta suke baje abin da dare ya ba su: tarwaɗa tana motsi a cikin daro, ƙurungu yana ƙara kamar mai gunaguni, ƙarfasa da kawara an tsiba su kashi-kashi, galibinsu ba su wuce tafin hannu ba.

Wata safiya cikin bazara na tsaya a wurin, na iske wani dattijo zaune a gefen kwale-kwale, ya rataya birginsa a babban yatsan ƙafa yana ɗinke inda ya yage. Na yi masa sallama, na ce, Baba, sannu da aiki. Ya amsa mini da Malam, ya matsa mini wuri. Bayan mun gaisa na tambaye shi ko ana samun giwan ruwa a wannan gulbi. Sai ya ajiye ɗinkin, ya miƙe tsaye, ya ɗora hannu a ƙirjinsa yana nuna mini tsawon wanda suka taɓa fitarwa shi da mahaifinsa tun yana saurayi, wanda sai da aka zura masa sanda ta baki mutum biyu suka saɓa. Sa'an nan ya zauna, ya auna mini daga gwiwar hannunsa zuwa kan yatsa, watau kamu ɗaya, ya ce wannan shi ne abin da yaran yanzu suke kira giwan ruwa idan Allah ya ba su sa'a.

Tsakanin ƙirjin dattijon nan da gwiwar hannunsa akwai tarihin gulbinmu na shekaru hamsin, kuma shi ne abin da nake nufin in warware a wannan rubutu.

Siffarsa da ɗabi'arsa

Hausawa ba su yi wa wannan kifi suna da wasa ba, domin sun dubi dabbar da ta fi kowace girma a tudu suka ara masa sunanta. Masana ilmin halittu suna kiransa Lates niloticus, suna jingina shi ga kogin Nilu. 'Yan'uwanmu na ƙasar Nijar da suka yi karatun Faransanci suna ce masa kapiten. Ana kuwa samunsa tun daga Nilu da tafkin Cadi har zuwa kogunan Kwara da Binuwai da Bolta da Sanagal da Kwango. Jikinsa fari ne mai sheƙin azurfa, bayansa ya ɗan yi duhu, idonsa baƙi da zobe rawaya kewaye da shi, bakinsa kuwa mai faɗi, muƙamuƙin ƙasa ya zarce na sama, irin bakin da aka halitta domin haɗiya gaba ɗaya. Yana da ƙayoyi masu ƙarfi a gadon baya, gefen marfin kuncinsa kuma yana da kaifin da yake tsinka zare ya yanki hannun wanda bai iya riƙo ba. Idan ya sami ruwa da abinci da shekaru, yakan kusanci mita 2 a tsawo, nauyinsa ya tasam ma kilo 200. Namansa fari ne, mai tsoka, ba shi da ƙananan ƙayoyin da suke wahalar da mai ci, shi ya sa ya zama kifin da ake kai wa manya gaisuwa.

Amma abin da ya fi cancantar tadabburi a sha'aninsa shi ne yadda rayuwarsa ta rataya a kan gida biyu. Macen, wadda ita ce ta fi namijin girma, tana zuba ƙwai miliyoyi. 'Ya'yan da suka ƙyanƙyashe suna fakewa cikin ciyawar ruwa marar zurfi, suna cin ƙananan halittu da ƙwari, har su yi ƙarfin da za su fara farautar 'yan'uwansu kifaye. Ba sa kai munzalin haihuwa sai bayan kimanin shekara uku. Wannan shi ne gida na farko, watau fadama lokacin da gulbi ya cika ya malala da damina. Gida na biyu shi ne gurbi mai zurfi, inda babba yake kwanciya a gindin dutse ko kututturen da ya nutse, yana jiran abin da zai gifta. Tarwaɗa tana iya shaƙar iska ta rayu a cikin taɓo, gaiwa ma takan binne kanta cikin laka ta yi barci har damina ta dawo, alhali giwan ruwa ba shi da wannan rangwame: da zarar ruwa ya kwanta ya ruɓe, iskar cikinsa ta ƙare, shi ne farkon wanda zai taso ciki sama. Saboda haka babban giwan ruwa shaida ne a kan gulbin da ya fito, shaidar cewa ruwan ya cika a lokacin cikarsa, ya riƙe zurfi a lokacin rani, kuma mutanen bakinsa sun kame hannunsu shekara da shekaru.

Ma'abota fatsa a wasu ƙasashe

A ƙasar Amurka akwai wani kifi mai faɗin baki da suke kira bas, mazaunin tafkuna masu ɗumi na kudancin ƙasar, wanda mutane suka mayar da neman babbansa sana'a da gasa da abin alfahari. Suna fita cikin jiragen ruwa masu inji, da sandar fatsa mai faifan naɗe zare, da kifin ƙarya na roba ko na ƙarfe da ake ja cikin ruwa domin ya yaudari na gaske. A shekarar 1932 wani manomi mai suna George Perry ya kama ɗaya a jihar Jojiya mai nauyin kilo 10 da 'yan kai, ya kai gida iyalinsa suka ci, sunansa kuwa ya zauna a littafin bajinta shekara 77 ba wanda ya kamo shi, sai a 2009 da wani mutumin Japan ya kama kwatankwacinsa a tafkin Biwa. A jihar Teksas, tun daga 1986, hukuma take karɓar aron duk kifin da ya kai kusan kilo 6 daga hannun wanda ya kama shi da rai, domin ya yi ƙwai a wurin kiwo, a mayar da zuriyarsa tafki.

Mai karatu ya dubi wannan ma'auni da kyau: kifin da duniya ta yi shekara 77 tana ambato, kilo 10 ne, namu kuwa, wanda aka taɓa saɓawa a sanda a gaɓar Rima ba tare da wani ya rubuta ba, yana ninka shi sau da yawa. Su ma ma'abota fatsar sun san haka, shi ya sa suke niƙo gari daga Turai zuwa tafkin Nasir na Masar, wanda ya taru a bayan madatsar Aswan, domin neman giwan ruwa. A can ne a shekarar 2000 aka kama mai kilo 104 da sandar fatsa. Mutanen Masar na dā ma sun girmama shi, har ana samun gawawwakinsa a naɗe cikin ƙyalle a garin Isna.

Al'adar yawancin waɗannan baƙi ita ce su auna kifin, su ɗauki hoto, su sake shi. Bahaushe zai yi tambaya a nan, kuma tambayar tana da hujja, domin malamanmu na mazhabar Malikiyya, waɗanda suka halatta duk abin da yake rayuwa cikin ruwa ba tare da yanka ba, su ne kuma suka karhanta farautar da ba a nufin kome da ita sai lahawu. Ba na kiran kowa zuwa wahalar da dabba domin nishaɗi. Sai dai a ƙarƙashin wasan nasu akwai wata fahimta da ta dace da hankali da shari'a baki ɗaya, ita ce cewa babbar macen kifi rumbun iri ce, kuma manomin da ya san ciwon kansa ba ya cinye irin shuka ko da yunwa ta matsa masa.

Fatsa da mamari da gora

Mu a nan, ilmin kama wannan kifi yana hannun Sarkawa da Kabawa, waɗanda suka gaji ruwa kaka da kakanni; masana tarihi suna danganta sunan Sarkawa da Sorko, masuntan daular Songhai da suka bi kogin Kwara da rassansa. Kowane kifi da makaminsa. Akwai birgi da ake jefawa ya buɗe kamar laima. Akwai taru da jama'a suke ja. Akwai gura da undurutu da ake girkewa a mashigar ruwa. Akwai mamari, doguwar igiya mai ɗaruruwan ƙugiyoyi. Akwai homa ta masu shiga ruwa da gora. Akwai zago na sukar babban kifi. Sa'an nan akwai fatsa, wadda yaro yake farawa da ita da tana da guntun kara, dattijo kuma ya ƙare da ita a kan giwan ruwa.

Sau ɗaya na ga an yi, ina yaro, a wani gurbi da ke yamma da Wamakko, cikin watan Afrilu, lokacin da zafin Sakkwato yake haura digiri 40, gulbi ya tsuke ya bar yashi fari fat. Wani Basarke, abokin kakana, ya zaɓi ƙarfasa mai rai, ya soka mata babbar ƙugiya a gadon baya a inda ba za ta mutu ba, ya ɗaura igiyar a wuyan gora, ya saki duka a bakin zurfin, sa'an nan ya koma cikin jirgi ya zauna shiru, ya hana mu ko da buga ƙafa a katako. Kifi na ganinka mai jar koma, in ji masu iya magana, kuma wannan kifin yana ji kamar yadda yake gani. Muka zauna tun bayan la'asar har rana ta yi ja, gorar tana ɗan rawa kaɗan-kaɗan da motsin ƙarfasar. Ba zato sai ta nutse ɗungurungum, ta ɓullo can nesa tana gudu a kan ruwa kamar an ɗaura ta a wutsiyar doki. Tsohon bai ja ba. Ya bi ta da filafili a hankali, ya kama igiyar, in kifin ya fizga ya sakar masa, in ya lafa ya tattaro. Sau biyu ya yi tsalle ya fito fili, baki buɗe, yana girgiza kai domin ya tofar da ƙugiyar, ruwa yana zuba daga jikinsa da hasken almuru. Sai da aka kira magariba a ƙauyen da ke tsallake sa'an nan ya kwanta a gefensa, tsohon ya ambaci sunan Allah ya soke shi da zago.

Abin da ya zauna mini a zuciya daga wannan yini shi ne abin da ya biyo baya: tsohon ya naɗe igiyarsa, bai sake jefawa ba, kuma bai koma wannan gurbin ba har damina ta sauka. Ɗaya ya ishe shi.

Matan Fada

Wanda yake son ya ga wannan ƙa'ida a tsaye, an mayar da ita dokar gari, sai ya gangara kimanin kilomita 100 kudu maso yamma da Sakkwato zuwa Argungu. Tarihin garin da namu a sarƙe yake. Muhammadu Kanta ya kafa daular Kabi a ƙarni na 16, ya gina Surame; bayan da jihadin Shehu Usmanu ya tashi a 1804, Birnin Kabi ya faɗa hannun jama'ar Shehu a 1805; Kabawan da suka ƙi miƙa wuya suka mayar da Argungu cibiyarsu, aka shafe mafi yawan ƙarni na 19 ana gwabzawa tsakaninsu da Sakkwato da Gwandu. A shekarar 1934 ne Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyara Argungu, Sarkin Kabi da jama'arsa suka tarbe shi da abin da suka fi kowa iyawa, watau su, kuma daga wannan sulhu ne bikin kamun kifi da duniya ta sani ya samo asali. Saboda haka Basakkwace ba baƙo ba ne a wannan biki, ko da yake an yanke jihar Kabi daga ta Sakkwato a 1991. Da ƙafar sarkinsa aka buɗe shi.

Ana yin bikin a ƙarshen sanyi, tsakanin Fabrairu da Maris. Bayan wasannin kabanci, watau tseren jirage da kamun agwagwar ruwa da nutso, ranar ƙarshe dubban masunta sukan jeru nesa da gaɓar Matan Fada, yankin gulbin da ake yin kamun, kowa da homarsa da gorarsa. Da an ba da alama sai su kwararo da gudu su faɗa ruwan, makaɗa suna bin su cikin jirage, gorar tana zame wa mutum abin hawa da ma'ajiya gaba ɗaya. Cikin kimanin sa'a guda ake yin ta ta ƙare, a kai manyan kifaye ma'auni. A 2005 wanda ya ci gasar ya kai kilo 75, sai da mutum huɗu suka ɗaga shi. A 2020, da aka dawo da bikin bayan ya yi shekaru a tsaye, na farko ya kai kilo 78. A 2016 kuwa hukumar UNESCO ta shigar da bikin cikin jerin al'adun gado na bil'adama.

Masu kallo suna ganin sa'a ɗaya ta hargowa, amma asirin yana cikin sauran kwanakin shekara, waɗanda ba mai kallonsu. Wannan yanki na gulbi a rufe yake. Sarkin Ruwa da Homa, shugaban masunta, su ne masu tsaronsa, ba mai jefa koma sai da izini. Kifin da ya kai kilo 78 bai yi wannan nauyi ranar biki ba. Ya tara shi ne a cikin shekarun da aka hana hannu isa gare shi. Kabawa sun yi wa ruwa abin da magabatanmu suka yi wa makiyaya da maƙabarta da bakin rijiya, suka yanka masa hurumi.

Abin da ya sami gulbi

To, me ya sa gulbin da ya ratsa Argungu, wanda shi ne dai ya wuce ta gindin Sakkwato, ya daina ba mu irin nasu? Sababi na farko ruwan ne da kansa. An kammala madatsar Bakolori a kan gulbin Sakkwato kusa da Talatar Mafara a 1978, aka kammala ta Goronyo a kan Rima a 1984. Ba mai musun fa'idarsu, domin da ruwan Goronyo birnin nan yake sha, da su kuma ake noman rani. Amma madatsa tana riƙe cikar damina, ta rage malalar da take shayar da fadama. Da fadamar ƙasan Bakolori ta daina cika kamar dā, noman shinkafa ya ja baya, kamun kifi ya ragu, masunta da yawa suka yi ƙaura zuwa wasu ruwaye. Ga fari na shekarun 1970 da 1980, ga yashin da yake cike gurabe sakamakon sare itatuwan gaɓa. Gidan yarinta ya ƙuntata, gidan girma ya cike. Ina kifin zai zauna?

Sababi na biyu hannunmu ne. Koma mai ƙananan idanu ta yawaita, har gidan sauro da aka raba domin kare yara daga zazzaɓi wasu sun mayar da shi taru, yana kwashe ɗan kifin da bai kai yatsa ba. Mafi muni shi ne zuba guba irin su gamalin a gurbi, wanda yake kashe babba da ƙarami da ƙwai, ya kuma bi cikin wanda ya ci. Na san talauci ne yake tura mutum, kuma ba ni da bakin zagin wanda ya kwana da yunwa; amma ɓarna sunanta ɓarna, kuma wanda ya fara cutuwa da ita shi ne ɗan masuncin da zai gaji ruwa wayam. Yau a kasuwannin birni kifin ƙanƙara da aka yo odarsa daga teku da tarwaɗar kiwo su ne suka cika tebura, a garin da gulbi biyu suka haɗu a gefensa.

Kada kuma wani ya zaci magani shi ne a ɗebo giwan ruwa a zuba a kowane tafki. An yi haka a tafkin Biktoriya na gabashin Afirka a shekarun 1950, inda ba asalin mazauninsa ba ne. Zuwa shekarun 1980 ya mamaye tafkin, nau'o'in ƙananan kifaye fiye da 200 suka ɓace ko suka kusa. Allah ya ajiye kowace halitta bisa mizani: a can an kai shi inda ba a halicce shi ba ya zama annoba, a nan kuwa gidansa ne muka rushe.

A yanka wa gulbi hurumi

Abin da nake roƙo ba baƙon abu ba ne, kuma ba ya bukatar dukiya mai yawa. A zaɓi gurabe biyu ko uku masu zurfi tsakanin Goronyo da Wamakko, hakimai da sarakunan ruwa su zauna da masunta, da amincewar fadar Sarkin Musulmi, a rufe su, a sa ranar buɗewa da kowa ya sani, a kuma raba amfanin ranar yadda wanda ya yi haƙuri zai ga sakamakon haƙurinsa. A tsayar da girman idon koma, a hana su a fadama lokacin da kifi yake zuba ƙwai. Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima ta riƙa tuna kifi idan tana tsara sakin ruwa, kamar yadda take tuna manomi. Malaman sashen kifi na jami'ar da take kallon gulbin, da cibiyar binciken kifin ruwan daɗi da ke Sabuwar Busa a bakin tafkin Kainji, su sauko gaɓa su auna, su kuma saurari tsofaffin da suka san kowane gurbi da sunansa. Limamai kuwa su faɗa a kan mumbari cewa ruwa amana ne, israfi haramun ne ko a bakin kogi, kuma zuba guba a mashayar jama'a zalunci ne da za a tambayi mai shi.

Kafin in bar Kwalkwalawa a waccan safiya, na lura da wani yaro, jikan dattijon, yana tsugune a ƙarƙashin gada da sandar kara da zare, ya zuba wa ruwa ido ko ƙiftawa ba ya yi. Haƙurin yana nan, gadon ma yana nan. Idan aka rufe gurbi bana, ɗan kifin da yake ɓoye cikin ciyawa yanzu zai kai munzalin haihuwa kafin yaron ya sauke Alƙur'ani. Kafin kuma ya yi aure, la'alla a wayi gari ya kira ɗan'uwansa su zura sanda su saɓa, su hau da shi kan gadar nan, mutanen birni su tsayar da ababen hawansu su fito kallo. Allah ya nuna wa kakansa wannan rana da idonsa.